Shekarar da Na Hana Baba Hawa Jirgi

Kun sha jin ana faɗa a dangi cewa ni na hana kakanku ganin hanyarsa da idonsa. Wasunku sun ji daga bakin 'yan uwanmu na Bawku, wasu kuma a wajen suna ko biki, inda ake rage murya in na shigo. Ban taɓa musantawa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Amma yanzu ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin, don haka gara ku ji daga bakina yadda ya faru, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Mahaifina Malam Isufu madugu ne. A Salaga aka haife shi, iyayensa kuma cinikin goro ne ya kawo su daga ƙasar Hausa suka zauna. Tun yana saurayi yake jan ayarin jakuna daga Salaga, ya bi ta Yendi, ya ratsa dajin arewa zuwa Bawku, ya ƙetare ta Kulungugu zuwa ƙasar Mosi, ya dawo da shanu da albasa da saƙi. Da lore, wato motar kaya, ta kashe fatauci da ƙafa, sai ya koma zauren gidansa ya zauna. Abin da hanya ta bar masa shi ne ciwon ido. Akwai wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe a mashigin koguna da suka yi shekaru suna cizonsa, da farko ƙaiƙayi ne a jiki, daga baya gani ya fara dusashewa. A shekarun farko bayan samun mulkin kai na ɗauko shi zuwa gidana a Yendi, inda nake aure, don a riƙa sa masa magani. Lokacin yana gani, sai dai kamar ta bayan farin mayafi.

Wata rana da hantsi muna zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai wani ƙaramin jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa, har kaji suka watse. Baba ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har ƙararsa ta ɓace. Sannan ya juyo gare ni.

"Rabi, wanda ke cikin abin nan, yana ganin Salaga da Yendi a lokaci guda?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila."

"Na ƙare ƙuruciyata a kan hanyar nan, ban taɓa ganinta gaba ɗaya ba. Kullum guntu-guntu, daga wannan bishiya zuwa waccan, daga wannan rafi zuwa na gaba. Ina so in gan ta a shimfiɗe sau ɗaya, kafin a rufe min taga."

Baba ba mutum ne mai roƙo ba. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ya ce yana son wani abu don kansa ba, ko da ƙarin miya ne. Shi ya sa maganar ta zauna min a rai. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya ce in yi abin da zan iya, shi ba zai hana ba. Na sami wani akawu da matarsa ke sayen sabulu a wajena, ya rubuta min wasiƙa zuwa Tamale yana tambayar yadda ake hayar jirgi. Amsar da ta zo ta sa muka yi dariya, domin abin da suka ambata zai kusan sayen lore. Na naɗe takardar na sa a ƙasan akwati. Sai ga saƙo daga Bawku, daga yayana Sani, wanda ke cinikin albasa a can. Ya ce akwai wani Bature mai jan gemu da ke kawo kayan gyaran injuna da ƙaramin jirginsa, in ya sauke kaya yakan ɗauki mutane ya zaga da su kan kuɗi kaɗan. Ya ce sun yi magana, mutumin zai zo Yendi ranar kasuwa, ya yarda ya kai Baba kudu har Salaga, ya juyo da shi arewa zuwa Bawku. Yaya Sani da kansa zai biya, kuma da kansa zai zo.

A unguwarmu akwai wani tsohon soja da muke kira Kofur Musa, mai gyaran injin niƙa. A lokacin yaƙin Turawa an ajiye shi a bakin teku yana aiki a ƙarƙashin jirage. Na je shagonsa da murnata na ba shi labari. Bai taya ni murna ba. Ya goge hannunsa da tsumma, ya jawo min benci.

"'Yar Madugu, jirgi ba lore ba ne. In lore ta mutu, ku sauka ku tura. Ki je da wuri, ki tsaya ki yi kallo. Ki duba ƙasa inda ya tsaya, ko mai yana ɗiga. Ki ga ko direban zai zagaya jirginsa yana taɓa shi da hannu kafin ya shiga. Direban kirki yakan tsiyayi fetur a ƙaramar kwalba ya ɗaga wa rana, ya ga ko da ruwa a ciki. Kuma zai tambayi nauyin kowa. Wanda bai tambayi nauyinki ba, bai damu da ranki ba."

Ranar kasuwar ta zo a farkon damina, bayan ruwan fari ya wanke sama. Filin jirgin wani share ne a bayan gari, an sare ciyawa an jera fararen duwatsu. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya sa kwalli. Ina so ku riƙe wannan, domin shi ne abin da ya fi yi min nauyi: a wannan safiya yana gani. Ya nuna min farar saniya a ƙarshen filin, ya ƙirga ungulaye a kan wata kuka, bai yi kuskure ba. Yaya Sani yana riƙe da hannunsa, fuskarsa cike da alfahari.

Ni kuwa na zagaya ta bayan jama'a na tsuguna kamar ina gyara takalmi. A ƙarƙashin hancin jirgin ƙasa ta yi baƙi, mai yana ɗiga a hankali. Ƙofar gefe ɗaya da waya aka ɗaure ta. Mai jan gemun yana ta barkwanci da mutane, da ya matso na ji warin abin sha a bakinsa tun da safen nan. Bai zagaya ba, bai taɓa komai ba, bai tambayi nauyin kowa ba. Kujeru huɗu ne, amma na ji yana ciniki da wasu 'yan kasuwa biyu cewa za su matsu da mu. Baba ya riga ya ɗora ƙafa a kan matakin ƙarfen lokacin da na kama hannun rigarsa.

"Baba, kada ka hau."

Yaya Sani ya juyo. "Me kika ce?"

"Yaya, mai yana zuba. Mutumin nan ya sha. Ba zan bar Baba ya shiga ba."

"Ke kika san jirgi? Mutum nawa ya ɗauka a Bawku, wa ya mutu? Sakar masa riga, Rabi, mutane suna kallonmu."

Ban sake ba. Ban taɓa yi wa Yaya Sani gardama a gaban mutane ba sai ranar. Baba ya tsaya a haka, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yana kallon cikin jirgin. Da ya ce min in sake shi, da na sake. Amma sai ya sauke ƙafar a hankali.

"A ayari, in mutum ɗaya ya ce bai yarda da mashigi ba, ba na tsallakar da kowa sai na sake dubawa. Sani, mu koma gida."

Ga abin da ban taɓa ɓoyewa ba. Mai jan gemun ya kwashi 'yan kasuwar nan da wasu, ya tashi, ya zaga gari, ya sauka lafiya lau. Suka fito suna dariya, suna ba da labarin yadda suka ga rufin masallaci. Ya ci gaba da zirga-zirgarsa a arewa har tsawon shekaru, ban taɓa jin abin da ya same shi ba. Yaya Sani bai kwana ba, ya hau lorin yamma ya koma Bawku, ko abincina bai ci ba.

Kofur Musa ne ya samo min hanya ta biyu. Wani abokinsa na soja yana aiki da masu awon ƙasa, waɗanda suka yi sansani kusa da Salaga suna ɗaukar hoton daji daga sama don zana taswira. Direban jirginsu ɗan ƙasa ne, mutumin kudu. Ya ce in sun gama aikin Salaga zai kai jirgin Bawku da kujeru a wofi, babbansu kuma ya yarda ya ɗauke mu in muka taimaka da kuɗin fetur. Na sayar da tasoshin tagulla da Inna ta bar min, suka isa. Matsalar ɗaya ce: ba za su gama ba sai damina ta janye.

Ban taɓa ganin damina mai tsawo kamar wannan ba. Kullum da safe nakan shimfiɗa wa Baba buzu a ƙofar ɗaki, in kawo masa koko, in tsaya ina satar kallonsa. Da farko yana ƙirga kajina. Bayan wata guda ya daina ƙirgawa, sai dai ya bi motsinsu. Sannan ya fara lalubar kofi da hannu. Mai magani ya ce ciwon yakan yi haka, ya yi shekaru yana rarrafe, sannan ya yi gudu. Wata rana da tsakar rana, rana ta ƙwalle har ƙasa na ƙona ƙafa, Baba ya ɗaga fuska sama.

"Rabi, kwashe shanyarki, hadari ya haɗu."

Na ce to. Na tashi na kwashe kayan da ko bushewa ba su gama yi ba, na shiga ɗaki na toshe bakina da zane. Bai taɓa ce min kin gani ba. Ko sau ɗaya bai ambaci ranar kasuwar nan ba.

Da kaka ta shigo saƙo ya zo, muka hau lore zuwa Salaga. Na ce wa Baba in ya fasa ba komai, ya ce an riga an yi magana da mutane. Direban dogo ne, mara yawan magana, Hausarsa irin ta bariki, mace da namiji duk kai yake ce musu. Na tsaya ina kallonsa kamar yadda aka koya min. Ya zagaya jirgin yana shafa fukafukai, ya tsuguna ya duba ƙafafu, ya tsiyayi fetur a kwalba ya ɗaga wa rana. Ya ɗora mu ɗaya bayan ɗaya a kan ma'aunin da ake auna buhu. Da ya ga ina jan Baba da sanda, sai ya tsaya.

"Wannan Baba ba ya gani. Me zai kalla?"

"Yarinyar za ta kalla," in ji Baba. "Ni zan gaya mata abin da take gani."

Ya zaunar da mu a baya, ya ɗaure mu da ɗamara, ya ba mu auduga mu sa a kunne. Baba ya ƙi tasa. Jirgin ya yi gudu yana tsalle a kan ciyawa, sai na ji tsallen ya ɗauke, kamar an ɗaga ni a tafin hannu. Na rufe ido ina salati. Baba ya matse min yatsu.

"Buɗe idonki. Ba don ki yi barci na zo da ke ba."

Na buɗe. Salaga tana ƙarƙashinmu, ƙarama, kamar kayan wasan yara da aka bari a tsakar gida. Na sa bakina a kunnensa ina faɗa masa da ƙarfi: ga kasuwa, ga masallaci, ga tsofaffin rijiyoyi a bayan gari birjik kamar an huhhuda ƙasa da tsinke. Sai gari ya zame ya koma baya, daji ya buɗe. Ban san duniya tana da faɗi haka ba. Ciyawa ta fara ja, iska tana kwantar da ita tana tayarwa, itatuwan kaɗanya kowanne zaune a kan inuwarsa. Inuwar gajimare tana tafiya a hankali a kan dajin kamar garken shanu marasa makiyayi. Can na ga ruwa yana walƙiya, yana lanƙwasa.

"Baba, ga kogi."

"Kogin Daka ne. Akwai wuri da ya yi gwiwa, da farin yashi a cikin gwiwar?"

"Akwai."

"Nan muke tsallakawa. Dubi gabas da shi, za ki ga ƙasa ta yi fari-fari a miƙe, ciyawa ba ta kama sosai ba."

Na duba, ban ga komai ba. Na sake dubawa, sai ga shi, wani siririn zare mai haske yana ratsa daji, yana ɓacewa yana sake fitowa. Titin mota yana can nesa, wannan daban ne. Sawun jakuna ne da ƙafafun mutane, na shekarun da ba wanda ya ƙirga. Na gaya masa. Ya jinjina kai, ya fasa goro ya sa ɓari a baki. Kafin ya gama taunawa ya tambaye ni abin da ke ƙasa, na faɗa, ya yi dariya a hankali, ya ce tafiyar yini guda ke nan ta wuce.

Muka bi ta kan Yendi, na ga unguwarmu, na ga wani abu ja a tsakar wani gida da na tabbata zanena ne a kan igiya. Daga nan gidaje suka fara ƙaranci har suka ƙare. Sai daji kawai, ba hayaƙi, ba gona. A kusa da koguna na riƙa ganin zobba-zobba a cikin ciyawa, kamar an kifa ƙwarya an ɗauke. Baba ya ce kufai ne, garuruwan da ciwon ido ya kora, ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda yake sayar wa ayarinsa da dawa a kowanne. Direban ya karkata jirgin ya nuna min ƙasa da yatsa. Wasu duwatsu masu toka-toka ne a bakin ruwa, sai na ga duwatsun suna tafiya, da ƙanana a tsakaninsu. Giwaye ne. Daga sama ba su da nauyi ko kaɗan, kamar suna iyo a cikin ciyawa. Ƙarar injin ta zama kamar shiru a kunnena. Na rasa ko minti nawa muka yi, na rasa ko ni ce nake faɗa wa Baba ko shi yake faɗa min. Rana tana kan kuncinsa na dama, idanunsa a buɗe, fari fat, yana murmushi.

Sai ƙasa ta yanke a gabanmu. Wani dogon dutse ne ja, a miƙe daga gabas zuwa yamma, daji ya zo bakinsa ya faɗa ƙasa, kogi yana kwance a gindinsa. Da na faɗa wa Baba, murmushin ya ɗauke. Ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar direban, ya roƙe shi ya sauko kaɗan ya zaga.

"Rabi, inda hanya ta gangaro daga dutsen, kafin kogi, akwai tsamiya babba ita kaɗai, da duwatsu uku a gindinta. Nan na binne ƙanena Garba. Zazzaɓi ya kama shi a hanya. Ni na ce a ci gaba da tafiya, don kada goro ya lalace. Ban sake bi ta wurin ba, kullum sai in zaga da ayari ta yamma. Duba min ko tana nan."

Ban taɓa jin sunan Garba ba sai ranar. Na manna goshina a gilashi. Itatuwa ne ɗaruruwa, duk kansu ɗaya daga sama. Direban ya zaga sau ɗaya, ya sake zagawa. A karo na uku ya nuna min agogon fetur, ya ɗaga yatsa ɗaya. Can kusa da ruwa na ga wata bishiya mai duhun ganye, ta ɗan ware daga sauran. Ko tsamiya ce, ko maɗaci, ban sani ba. Duwatsu kuwa ban gansu ba.

"Na gan ta, Baba. Tana nan, ita kaɗai."

Ya ɗaga hannuwansa ya yi addu'a, leɓunansa suna motsi, hawaye yana bin gemunsa. Ya shafa. Daga nan bai sake tambayata komai ba har muka fara ganin gidajen Kusasawa, mutanen yankin, zagaye-zagaye a tsakiyar gonakin gero, muka sauka a Bawku. Har yau ban san abin da na gani ba. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ku.

Yaya Sani yana bakin filin. Tun ranar kasuwar nan bai ga Baba ba. Ya taho da sauri, sai ya ga na sauko da shi ina ɗora masa ƙafa a kan mataki, ya ga Baba yana miƙa hannu wajen da ba kowa. Ya tsaya cak. Ya dube ni, kallon da ban manta ba, sannan ya karɓi sandar daga hannuna ba tare da ya gaishe ni ba.

"Baba, sannu da hanya."

"Sani, ashe hanyar gajera ce. Mu ne ƙanana."

Baba ya zauna a Bawku wajen Yaya Sani har ƙarshen ransa, shekara shida. An ce duk baƙon da ya zo sai ya ba shi labarin tafiyar, yana cewa na ga kaza, na ga kaza, har da abubuwan da ni ban gani ba. In ya fara, Yaya Sani yakan tashi ya bar zauren. Ni kuwa in na je gaisuwa, tsakanina da shi sai ina kwana, sai sai an jima. Bai taɓa zagina ba. Ya dai ɗauka cewa na ƙwace wa mahaifinmu abu ɗaya da ya taɓa roƙa, kuma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na sha kwanciya ina auna abin. In aka mayar da ni filin nan, na ga man nan yana ɗiga, na san zan sake kama rigar. Sanin haka bai taɓa rage min nauyin ba.

Bayan addu'ar arba'in ta Baba, da baƙi suka watse, ina ɗaure kayana zan bi lorin Yendi. Yaya Sani ya shigo ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu. Shi ma furfura ta kama shi. Ya jawo tabarma ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi a gabana ba.

"Rabi, bar lorin nan ta tafi, akwai wata gobe."

Na ajiye ƙullin.

"Faɗa min abin da kuka gani. Fara daga Salaga, kada ki tsallake komai."

Na zauna kusa da shi. Ya rufe idanunsa, na fara.